Ronaldo a cikin Fatal Fury: idan baƙo ya zo, a dubi wanda ya biya masa kuɗin mota

Ranar 24 ga Afrilun 2025 kamfanin SNK na birnin Osaka a ƙasar Japan ya fitar da wasan bidiyo mai suna Fatal Fury: City of the Wolves, bayan masoya jerin sun shafe shekara 26 suna jira. Wanda ya gabace shi, Garou: Mark of the Wolves, ya fito tun 1999, lokacin da yawancin samarin da ke riƙe da manet yau a Maradi ko Damagaram ba a ma haife su ba. Wasan faɗa ne, irin wanda mutum biyu ke fuskantar juna, naushi da shuri har ƙarfin ɗaya ya ƙare. Jarumai 17 aka saka a ranar farko. Ɗaya daga cikinsu Cristiano Ronaldo ne, da sunansa da fuskarsa, cikin kayan ƙwallo, yana jifan abokin faɗa da tamaula, yana tsallen murnar nan tasa da kowane yaro ya iya kwaikwaya. Wani kuma Salvatore Ganacci ne, mai haɗa kiɗan gidajen rawa, haifaffen Bosniya da ya tashi a Suwidin. Andy Bogard da Joe Higashi kuwa, biyu daga cikin jarumai ukun da aka kafa jerin a kansu a 1991, ba su samu kujera a ranar ba. Sai daga baya aka riƙa sako su ɗaya bayan ɗaya.

Ga wanda bai san gidan ba, abin ya yi kama da albishir: ga gwarzon ƙwallon duniya a fagen dambe. Amma ga waɗanda suka girma da wasannin SNK, ranar da aka nuna Ronaldo a watan Maris na 2025 ranar kunya ce, kuma suna da gaskiya. Gayyato baƙo cikin wasa ba laifi ba ne, SNK ma ita ce gwanar wannan sana'a tun kafin sauran kamfanoni su gane ribarta. Matsalar tana ga wanda ya aika goron gayyatar. Akwai baƙon da ƴan wasa suka daɗe suna roƙon a kawo, akwai kuma wanda mai kuɗin gida ya shigo da shi ta ƙofar baya don a ga girmansa. Tarihin wannan kamfani ɗaya ya ishi mutum ya koyi bambanta su.

An kafa SNK a 1978. Sunanta ya fito ne a 1990 da injin Neo Geo, wanda ake ajiyewa a gidajen wasa ana jefa masa tsabar kuɗi. Mutumin da ya jagoranci Street Fighter na farko a kamfanin Capcom a 1987, Takashi Nishiyama, ya bar can ya koma SNK, shi ne ya ƙirƙiro Fatal Fury, wanda ya fito a ƙarshen 1991, ƴan watanni bayan Street Fighter II ya girgiza duniya. Ke nan Ryu da Ken na Capcom da Terry Bogard mai jar hula na SNK kusan ƴan uba ne, kuma kishin da ke tsakaninsu irin na ƴan uban ne. Kamfanonin biyu a gari ɗaya suke. A 1992 SNK ta fitar da Art of Fighting, jaruminsa Ryo Sakazaki, ɗan karate mai suna kusa da na Ryu da farin gashi irin na Ken. Capcom ba ta kai ƙara kotu ba. A 1995 sai ta ƙirƙiro Dan Hibiki, wani ɗan karate mai cika baki cikin kaya ruwan hoda, wanda ƙwallon wutar da yake jefawa ba ya ko kaiwa ga abokin faɗa sai ya mutu a hanya. Zambo ne tsagwaronsa, irin wanda makaɗan fada ke yi wa juna ba tare da kama suna ba, kuma kowa a gidajen wasa ya gane wa ake nufi.

Shekaru da dama ana wannan habaici kafin gidajen biyu su zauna su yarda a haɗa jarumansu a fage ɗaya. SNK vs. Capcom ya fito a 1999 a ƙaramin injin hannu na Neo Geo Pocket Color, Capcom vs. SNK ya biyo baya a 2000, na biyunsa kuma a 2001, wanda har yau ana buga shi a gasa. Abin da ya ba waɗannan wasanni armashi shi ne gardamar ta riga su zuwa. Yara sun daɗe suna musu a bakin inji: da Terry da Ken wa zai kayar da wani? Mai Shiranui ko Chun-Li? Kamfanonin ba su ƙirƙiro ƙishirwar ba, sun tarar da ita ne suka kawo ruwa.

Kafin wannan ma SNK ta riga ta gwada dabarar a cikin gidanta. The King of Fighters '94 haɗakar wasanninta ne: jaruman Fatal Fury, na Art of Fighting, sojojin Ikari Warriors, da Athena ta Psycho Soldier, an raba su uku-uku kowace ƙungiya da tutar wata ƙasa. Akwai abin dariya a nan da ya kamata shugabannin kamfanin na yau su tuna. Ƙungiyar Amurka a wasan na 1994 ta ƴan wasannin motsa jiki ce: ɗan dambe Heavy D!, ɗan ƙwallon kwando Lucky Glauber mai jifan mutane da ƙwallo, da ɗan ƙwallon Amurka Brian Battler. Ita kaɗai aka kora a fitowar shekara mai zuwa, aka maye gurbinta da ƙungiyar Iori Yagami, wanda ya zama ɗaya daga cikin fitattun jaruman kamfanin har gobe. Tun shekara 30 da suka wuce SNK ta gwada mai faɗa da ƙwallo ta ga inda abin ya tsaya.

Bayan haka kamfanin ya sha wuya. Kasuwar gidajen wasa ta faɗi, wani kamfanin injinan caca na Japan mai suna Aruze ya saye shi a 2000, a watan Oktoban 2001 kuma aka ayyana ya karye. Wanda ya kafa shi, Eikichi Kawasaki, ya sake tattara haƙƙin wasannin a ƙarƙashin sunan Playmore, amma shekaru da dama injinan cacar ne ke ciyar da gidan. A 2015 masu zuba jari daga China suka sayi fiye da kashi 80 cikin 100. A tsawon wannan lokaci na rauni, ba da aron jarumai ne ya hana a manta da SNK. Geese Howard ya shiga Tekken 7 a 2017, Terry ya shiga Super Smash Bros. Ultimate na Nintendo a 2019, Haohmaru ya shiga Soulcalibur VI a 2020, Mai ta shiga Dead or Alive, kayan jaruman King of Fighters kuma suka bayyana a wasan salula na Mobile Legends. Kamar gidan tsohon attajiri ne da dukiya ta ƙare, suna ya saura, ƴaƴa suna fita aikatau gidajen maƙwabta su kawo cefane. Ba abin kunya ba ne, kuma wasu daga cikin fitar sun yi kyau ƙwarai: miliyoyin yaran da ba su taɓa ganin Neo Geo ba ta hanyar Nintendo suka san Terry. Tun a lokacin dai mai lura zai ga cewa baƙon da ke shigowa yana nuna inda kuɗi ke fitowa. A 2020, zamanin masu jarin China, Samurai Shodown ya karɓi Gongsun Li, jaruma daga Honor of Kings na kamfanin Tencent.

Sai kuɗin Saudiyya ya iso. A watan Nuwamban 2020 wani kamfani mallakar gidauniyar MiSK, wadda yarima mai jiran gado Muhammad bin Salman ya kafa a 2011, ya sayi kusan kashi ɗaya bisa uku na SNK. Zuwa 2022 rabonsa ya haura kashi 96 cikin 100. Ofishi yana Osaka, masu zane da masu rubuta manhaja ƴan Japan ne, amma mai gida yana Riyad. Masu shirya wasannin, ciki har da Yasuyuki Oda wanda ke jagorantar wasannin faɗa na kamfanin, sun tabbatar wa ƴan jarida a lokacin cewa sabon mai gida ba ya sa musu baki a abin da suke ƙirƙira.

To, a jera abubuwan a gani. Ronaldo ya koma ƙungiyar Al-Nassr ta Riyad a farkon 2023. A watan Yunin shekarar asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya, PIF, wanda yariman ke shugabanta, ya karɓi kashi 75 cikin 100 na ƙungiyar. Ronaldo ne aka naɗa jakadan gasar wasannin bidiyo ta duniya, Esports World Cup, da aka yi a Riyad a 2025, inda kyaututtuka suka haura dalar Amurka miliyan 70, kuma sabon Fatal Fury yana cikin wasannin gasar tun bai cika wata uku da fitowa ba. Kwana biyu bayan fitowar wasan, damben Chris Eubank Jr da Conor Benn a filin Tottenham na Landan da sunan Fatal Fury aka tallata shi. Ranar 2 ga Mayu aka toshe tsakiyar Times Square a New York aka kafa fagen dambe, Ryan Garcia da Rolando Romero, nan ma sunan wasan ne a saman allo. Duka biyun shirin Turki Alalshikh ne, shugaban hukumar nishaɗi ta Saudiyya. Ba sai an ga takardar umarni ba kafin a fahimci abin da ke faruwa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Shi ya sa shigar Ronaldo ta bambanta da ta Terry cikin Street Fighter 6 a watan Satumban 2024, ko ta Mai a Fabrairun 2025, ko zuwan Ken da Chun-Li cikin City of the Wolves a matsayin ramuwar ziyara. Waɗannan suna da tarihin da ya kai shekara 30 da gidan da suka shiga. An san dalilin zuwansu, an san da wa za su yi musu, masu rubuta labari suna da abin da za su sa a bakinsu. Ronaldo ba shi da abokin gaba a South Town, garin ƙirƙira na Amurka inda labarin ke gudana. Ba wanda ya kashe masa uba kamar yadda Geese ya kashe uban Terry da Andy. A ranar fitowar wasan ma ba shi da nasa labarin a ɓangaren da kowane jarumi ke bin hanyarsa har ƙarshe, kuma muryar da ke fita daga bakinsa ta wani ɗan wasan kwaikwayo ce. An biya kuɗin fuska, mai fuskar bai ko zauna ya yi magana ba. A ƙaddara a ce gasar kokowar takobi ta zo, jihohi takwas sun turo zaratansu, sai mai ɗaukar nauyin gasar ya ce a cire mutum biyu daga cikin tsofaffin gwanaye a sa abokinsa ɗan ƙwallo da makaɗin da ke yi masa wasa. Filin zai iya cika a ranar farko don kallon abin mamaki, amma ba wanda zai ƙara kiran abin kokowa da zuciya ɗaya.

Abin mamakin shi ne Ganacci, wanda aka fi yi wa dariya da farko saboda kusan ba wanda ya san shi a duniyar wasannin faɗa, ya fi Ronaldo samun karɓuwa daga baya. Ya kawo kiɗa cikin wasan, an gina motsinsa a kan shirmen da yake yi a bidiyoyin waƙoƙinsa, kuma ya yarda a mai da shi abin dariya. Baƙon da ya cire takalmi ya zauna a tabarma ya fi wanda ya turo hotonsa a rataya a bango.

Shin kwalliya ta biya kuɗin sabulu? Mutumin da ke da mabiya fiye da miliyan 600 a Instagram ya kamata a ce ya ja jama'a kamar kasuwar salla. Abin da aka gani daban ne. A dandalin Steam na masu wasa a kwamfuta, yawan waɗanda suka hau wasan a lokaci guda bai kai 5,000 ba a makon farko, alhali Street Fighter 6 ya haura 70,000 lokacin fitowarsa a 2023, ya sayar da kwafi miliyan ɗaya cikin ƴan kwanaki, ya kai miliyan 5 a tsakiyar 2025, ba tare da ɗan ƙwallo ko ɗaya ba. A watan Mayun 2025, ƙasa da wata guda bayan fitowar wasan, shugaban SNK Kenji Matsubara ya sauka daga kujerarsa ya koma mai ba da shawara. Kamfanin bai danganta saukar da cinikin wasan ba, amma kowa ya dubi kalanda. Lissafin da aka yi tun farko shi ne gurgu. Mai son Ronaldo yana da inda yake samunsa, a wasan ƙwallo, kuma ba zai fitar da dala 60 don ya koyi haɗa maɓallai goma a jere ba. Mai son Fatal Fury kuma an ba shi dalilin yin fushi tun kafin ya taɓa manet.

Masu kare SNK suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Ba don kuɗin Riyad ba, mai yiwuwa City of the Wolves ba zai taɓa fitowa ba, ko ya fito a rame. Wasan kansa, idan aka ajiye maganar baƙi, mai kyau ne: masu sharhi sun yaba tsarin faɗansa, ana iya bugawa ta intanet tsakanin PlayStation da Xbox da kwamfuta, kuma jarumai biyar na zangon farko, har da Andy da Joe da Ken da Chun-Li, suna cikin kuɗin da aka saya, ba a sake cajin kowa ba. Ƙwararrun ƴan wasa da suka yi shekaru suna fafatawa a kan kyautar da ba ta biyan kuɗin jirgi sun raba dala miliyan ɗaya a Riyad, inda GO1 na Japan ya doke Xiaohai na China a wasan ƙarshe na 2025. Mai zanen da ke Osaka yana karɓar albashinsa a kan lokaci. Wanda ya san yunwar da kamfanin ya sha a 2001 ba zai raina wannan ba. Sannan sukar da ake yi daga Turai da Amurka, cewa Saudiyya na wanke sunanta da wasanni bayan kisan ɗan jarida Jamal Khashoggi a ofishin jakadancinta na Istanbul a 2018 da yaƙin Yaman, ba ta cika damun yariman ba. A hirarsa da tashar Fox News a 2023 ya nuna cewa muddin abin yana ƙara wa tattalin arzikin ƙasarsa, zai ci gaba, a kira shi duk sunan da aka ga dama. Ƴan ci-ranin da ke Jidda da Makka da Riyad sun fi kowa ganin saurin da ƙasar ke canza kama, daga gidajen sinima zuwa filayen dambe. Ƙasa ce da ke neman abin da za ta dogara da shi bayan man fetur, kuma yawancin jama'arta matasa ne masu buga wasan bidiyo. Ba wanda zai hana ta zuba kuɗinta inda take so.

Sai dai hujja mafi ƙarfi a kan shigar Ronaldo daga Saudiyyar kanta ta fito. Tun kafin MiSK ta sayi SNK, wani reshenta mai suna Manga Productions ya shirya gasar zane tare da kamfanin a 2017, aka ce matasa su ƙirƙiro sabon jarumi. Wata matashiya ƴar Saudiyya, Mashael Al-Barrak, ta yi nasara da Najd, ɗalibar jami'a mai sanye da baƙar abaya wadda ke faɗa da ƙarfin inuwa. Najd ta shiga The King of Fighters XIV a 2018, ta dawo a na XV a 2023, kuma ba wanda ya yi zanga-zanga. Kuɗin Saudiyya ne, sunan yankin Saudiyya ne, tufafin Saudiyya ne, amma an haife ta don wasan, tana da labari, tana da wurin zama a cikinsa. Yarinyar da ke Riyad ko Alkahira, ko ma Tawa, ta ga mai shiga irin tata a allo tana kayar da ƙarti. Idan burin mai gida shi ne duniya ta ga ƙasarsa da wata fuska, Najd ta yi wannan aiki da kuɗin da bai kai na dare ɗaya a Times Square ba. A King of Fighters XV ma akwai Dolores, wadda aka ce daga Mali take. Hanyar a buɗe take, kamfanin ya san ta.

Akwai kuma tambayar da tallan Landan da New York suka tsallake: su wane ne mutanen SNK na asali? Ba masu kuɗi ba ne. Sirrin injin Neo Geo na gidajen wasa shi ne arha ga mai shago. Akwati ɗaya yana iya ɗaukar kaset har shida, idan sabon wasa ya fito kaset kawai za a canza, ba sai an sayi sabon inji ba. Shi ya sa ya cika shagunan unguwa a Meziko da Barazil da Peru da China da Pakistan, wuraren da iyaye ba su iya saya wa yaro injin gida. King of Fighters '97 ya zama kamar wasan ƙasa ga wani ƙarni na samarin China, na 2002 kuma har yau ana buga shi a Latin Amurka. Xiaohai daga irin waɗannan shaguna ya fito. Arslan Ash na Lahore, wanda ya ci gasar Tekken 7 a EVO Japan da EVO ta Las Vegas duka a 2019 bayan wahalar biza, ya yi sujada a kan dandali duniya na kallo, shi ma a shagunan unguwa ya koyi sana'ar, kuma King of Fighters na cikin wasannin da ya ƙware a kai. SNK ta da ta san wannan, tana mayar da biki: Ramon da Ángel da Tizoc ƴan Meziko ta ƙirƙiro su ne don mutanen da ke cika mata akwati da tsaba.

A kwatanta da yau. Kuɗin City of the Wolves lokacin fitowarsa a 2025 dala 60 ne, kusan jikka 35 na sefa, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi na hukuma jikka 42 ne tun Janairun 2024. Kafin nan sai an mallaki PlayStation ko kwamfuta mai ƙarfi, sai intanet da ba ya yankewa a tsakiyar faɗa, sai wutar da za ta tsaya. Mai gidan wasa a Yamai ko Maradi da ke karɓar ƴan daloli a kowane zagaye zai yi lissafi sau biyu kafin ya sayi wasan da yara ba su sani ba, ya bar na ƙwallo da ke cika masa benci. Wato irin yaron da ya gina sunan SNK a Guadalajara ko Lahore shekara 25 da suka wuce, ɗan'uwansa na yau a Afirka ta Yamma an bar shi a bakin ƙofa, kuma shi ne ainihin mai son Ronaldo da aka ce ana nema. Da gaske ake son sa, da kuɗin dambe biyun nan ya isa a fitar da sassauƙan wasan da ƙaramar salula za ta ɗauka, a rage farashi gwargwadon aljihun kowace ƙasa, a shirya wasannin share fage a Abijan ko Legas ko Dakar da tikitin zuwa Riyad ga wanda ya ci. An zaɓi allon talla a inda manyan baƙi za su gani.

Samarin nan ma sun riga sun san Ronaldo a wasan bidiyo ta wata hanya, kuma sun san abin da ya ci musu. A watan Disamban 2020 kamfanin Garena na Singafo ya sa shi cikin Free Fire da sunan Chrono, mai garkuwar da harsashi ba ya ratsawa. Ƙarfinsa ya yi yawa har wanda ba shi da shi ya zama abin tausayi a fage, yara suka riƙa karkatar da kuɗin kati da na forfe zuwa sayen diyaman. Bayan an gama ciniki aka rage masa ƙarfi sau da dama. Wasan ya ci gaba da jawo baƙi, Street Fighter a 2021, Naruto a 2025, kowane da ranar zuwa da ranar tafiya, don mai jinkiri ya ji za a bar shi a baya. Baƙo raɓa ne, in ji masu magana, kuma a wasannin salula da gangan ake mai da shi raɓa. A nan aƙalla SNK ta fi su mutunci, tunda Ronaldonta ba ya fin sauran jarumai ƙarfi kuma ba a sayar da shi daban. Amma tushen dabarar ɗaya ne: a ari fuskar da mutane ke so a rataya ta a kan kayan da ake son su saya.

Maganar ba ta tsaya a kamfani ɗaya na Osaka ba. PIF ya sayi hannun jari a Capcom da Nintendo a 2022. Reshensa na wasanni, Savvy Games, ya sayi masu shirya gasa na ESL da FACEIT a 2022 a kan dala biliyan 1.5, ya sayi Scopely a 2023 a kan biliyan 4.9. A ƙarshen Satumban 2025 kuma aka sanar da cewa PIF tare da wasu kamfanonin jari biyu na Amurka za su sayi Electronic Arts a kan dala biliyan 55. Wannan shi ne mai wasan ƙwallon da har yau ake kira FIFA a kowace fada da kowane gidan wasa daga Diffa zuwa Tillaberi, ko da yake tun 2023 sunansa ya koma FC. A can ma shugabannin kamfanin sun yi alkawarin cewa sabon mai gida ba zai taɓa abin da suke ƙirƙira ba. SNK ta faɗi haka a 2022, shekara uku kafin Ronaldo ya bayyana a South Town da ƙwallo a ƙafa.